Tumatirin Namdeo ya nuna

Sanarwa ta musamman ga al'ummar Silver Spring da kewaye: tumatirin da ke cikin bokitin fenti a barandar hawa na uku ya nuna. Na leƙa na gani da idona, ya yi ja wur.

Mai shi kuma ya rasu da safiyar yau.

'Yarsa Sunita, wadda ke aikin nas a Washington, ita ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ta ce, "Kawu, Baba ya tafi." Na ce, ya tafi ina? Haka na tambaye ta, da furfurata da komai.

Namdeo maƙwabcina ne. Dattijo ne ɗan ƙabilar Thakar, manoman kan duwatsu a yammacin Indiya. Da 'yarsa ta ɗauko shi, kayan sawa kaɗan ya riƙo, sai wata ƙatuwar ganga mai baki biyu. A garinsu, in an kai amfanin gona gida, makaɗi yakan tsaya a tsakiya, jama'a su kewaye shi suna rawa. Shi ne na tsakiyar.

A nan kuwa manajan gini ya hana shi kaɗa ta. Sai ya riƙa lulluɓe gangar da tawul yana taɓa ta da 'yan yatsu. Ta bango nake jin ta, kamar bugun zuciyar wani.

Ni na naɗa shi Sarkin Noma, saboda bokitin nan. Shi kuma ya naɗa ni Farfesa, saboda ya ga littattafai sun hana ni wurin zama. Turancinsa bai cika cokali ba, amma bai taɓa rasa abin tsokanata ba.

Lokacin da ciwon baya ya kwantar da ni, kullum sai ya shigo da kwano a rufe. Da na buɗe ranar farko sai na ga kunun tamba. Tamba! Rabona da ita tun gidan kakata a Filato. Ashe su ma ita suke nomawa.

Ranar da ƙanƙara ta binne motata, kafin in gama neman safar hannu ya haƙo ta.

Duk kaka sai ya roƙe ni in sauko filin bayan gini mu haɗa da'irar rawa. Duk kaka sai in kawo masa ilimi. Haɗuwarmu ta ƙarshe a lif ce, shekaranjiya.

Ya ce, "Farfesa, Asabar. Tumatir ya kusa. Ka zo."

Na ce, "Sarkin Noma, rawar girbi sai da girbi. Abin da ka noma ko miyar mutum ɗaya ba zai yi ba. Na karanta, rawa in ta rabu da gonarta ta zama kayan kallo."

Ya yi dariya ya ce, "Littafinka yana da ƙafa? Ni ƙafa nake nema. Ganga ba ta son bango, mutane take so."

Lif ta buɗe, na fita ina jin na yi nasara.

Yanzu ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Sunita ta ce tunda ya zo ƙasar nan ba a taɓa kewaye gangar ba, kuma bana ya sa rai har ya ɗaure mata sababbin igiyoyi. Tana so a fito da ita ranar Asabar ɗin da ya sa, a kaɗa ta babu tawul. Amma ita ba ta iya kiɗa ba, danginsu kuma suna can bayan teku. Tana da sautin kiɗansa da ta ɗauka a waya, shi ke nan.

Don Allah, jama'a. Mutanen Laurel, mutanen Fort Washington. A cikinku babu wanda ya taɓa riƙe ganga a gida kafin ya zama injiniya? Ya zo ya saurari wayar ya gwada. Wanda bai iya ba ya kawo ƙafafunsa. Ban san matakan ba, ban san waƙar ba, gwiwata ma ba ta da kirki, amma ni zan fara tsayawa. Kada ku bar yarinyar nan ita kaɗai da ganga a fili. Ku yi mini magana ta inbos.

Allah ya ji ƙanka, Sarkin Noma. Allah ya ba Sunita haƙuri da ƙarfin zuciya. Duk wanda ya karanta, ya sa su a addu'a.

Na tsinko tumatirin ɗazu, ya cika tafin hannuna. Girbi ne, Namdeo. Ni ne ban gane ba.