Tambayar Kuɗin Ruwa da Na Tsallake

Bakina ne ya jawo mini, kamar kullum. Ina aji uku na ƙaramar sakandare, jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta kwana ta matso, muna zaune da ƙawata a tsakar gida muna ɓarar gyaɗa, ina yi mata bayanin lissafi da Hausa don Turancin littafin ya fi ƙarfinta. Ni kuwa ban iya magana ƙasa-ƙasa ba. Inna takan ce kamar na haɗiyi lasifika.

"Ki duba," na ce mata, "mutum ya ba da bashi, duk shekara ana ɗora kashi goma cikin ɗari. A shekara ta biyu ba kan uwar kuɗi kaɗai za ki ɗora ba, har da ruwan bara. Ruwa kan ruwa ke nan."

Sai na ji gyaran murya daga soro. Baba ne. Malami ne, magidantan ƙauyenmu suna ɗaukar karatun fiƙihu a wurinsa, da damina kuma yana gona kamar kowa. Ba ya ƙin boko, shi ne ma ya kai ni makaranta da kansa. Amma fa bai yarda da komai a fuska ba. Buhun taki ma sai ya zura hannu har ƙasa kafin ya saya.

"Zo nan. Wane ne ya ba da bashin? Ɗan wane gari ne?"

"Baba, ba kowa ba ne, a littafi ne kawai."

"Babu shi, amma kin san abin da zai karɓa?"

Na ce ai misali ne. Ya ce a sha'anin riba, mai ci da mai bayarwa da mai rubutawa duk jirgi ɗaya ya kwaso su. "Ke ga alƙalami a hannunki. Wace ce ke a cikinsu?"

Washegari ya hau keke ya je ya sami malamin lissafinmu. Da ma bai je ba! Malamin ya fara da dariya kafin ya yi bayani, Baba kuwa ya dawo yana cewa duk wanda aka yi wa tambaya ya soma da dariya, akwai abin da yake rufewa. Ya ce jarrabawar nan ba da ni ba.

Na yi kuka, na ƙi cin tuwo, na buga ƙofa har Inna ta ce in ta ɓalle ni zan gyara. Ita ce dai ta yi ta bin sa da lalama har ya sauko, amma da sharaɗi: in tambayar kuɗin ruwa ta fito, in bar ta. Ya sa na ɗauki alkawari a gabansa, yana kallon cikin idona.

Ta kuwa fito, a ɓangaren da maki ya fi tsoka. Wallahi kafin in gama karanta ta na ga hanyar daga farko har ƙarshe, don babu abin da na iya irinta. Na zauna ina cizon murfin biro, ta kusa da ni tana ta rubutu. Ba wanda ya san da alkawarin nan a ɗakin jarrabawar. Na tsallake ta, na koma kan kusurwoyi da rabon kaso, raina kamar ya fashe don haushi.

Da na dawo ko ruwa ban sha ba ya kira ni.

"Ta fito?"

"Ta fito, Baba. Ban taɓa ta ba."

Ya daɗe yana dubana, sannan ya koma kan littafinsa. Daga ranar ya riƙa jefo mini tambayar ta gefe. Yau ya ce layi nawa ta ci a takardar, gobe ya tare ƙawata a hanya ya ce ko ta ga lokacin da na ajiye biro. Na ji zafin wannan ƙwarai, amma na ce bari sakamako ya fito, ko faɗuwa na yi ai ya gani da idonsa.

Sai na ci. Inna ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka cika gida. Baba ya bari sai da aka watse.

"Kin ce tambayar mai nauyi ce?"

"Ƙwarai, Baba."

"Kin bar ta, kuma kin ci."

Na shiga yi masa bayani cewa sauran tambayoyin ne suka cike gibin, har ina lissafa masa kashi-kashi da yatsu. Ya ɗaga hannu ya ce lissafi namu ne 'yan boko, shi ba ya ja da ni a nan.

Shi ya sayo mini akwati da bokiti a kasuwar Ɗambatta, shi ya raka ni tasha ranar tafiya. Na shiga mota na zauna, sai ya leƙo ta taga, ya sassauta murya yadda ban taɓa ji ba.

"Na yafe miki," ya ce. "Yarinta ce. Ki dai yawaita istigfari."

Motar ta tashi kafin in buɗe baki. Har Allah Ya yi masa rasuwa bai janye wannan yafiyar ta laifin da ban aikata ba, kuma wallahi da zagina ya yi a ranar da ya fi mini sauƙi.