Jan Biro a Takardar Mutum Talatin da Biyu

Ranar da Malam Jan Biro ya ba shugabar makarantarsu huɗu bisa goma, shi kansa bai san ya yi ba. Yana zaune a barandarsa, kwamfutar makaranta a cinya, tabarau a ƙarshen hanci, sai ga wani rubutu ya bayyana a gabansa, kurakurai fal. Mutumin da ya shekara ashirin da bakwai yana koyar da rubutu, hannunsa bai tsaya shawara da shi ba. Ya mai da kalar ja, ya zuba waƙafi goma sha ɗaya, ya rubuta a ƙasa: "4/10. A same ni da safe."

Ashe sanarwar shugaba ce, a cikin takardar nan ta intanet da malamai talatin da biyu ke buɗewa su yi rubutu tare. Kuma duk suna ciki. Malamin lissafi har hoton tafi ya sa.

Duk layinmu ba wanda ya yi mamaki. Wannan bawan Allah shi ne ya gyara allon mai aski sau biyu, mai askin yana tsaye da almakashi a hannu. Matarsa, wadda tela ce, har yau tana ajiye da wasiƙar da ta rubuta masa kafin aure. Ya mayar mata da ita da maki bakwai, ta ce a lokacin ta ɗauka so ne.

Da safe kuwa aka same shi, sai dai a ofishin shugaba.

"Malam, ga ni na zo," in ji ta, ba ko murmushi. "Juma'a sufeto zai duba tsarin karatun zango, kuma a takardar nan za mu rubuta shi, mu duka. In ba ka iya aiki da mutane a ciki ba, ajinka zan ba sabon malami, kai ka koma kula da ɗakin karyayyun kujeru."

Ajin nan shi ne ransa. Ya dawo gida kamar an yi masa wanka da ruwan sanyi, ko allon mai aski bai kalla ba.

Matar ta ja kujera ta zauna kusa da shi. "Baban yara, abin ba wuya. Ɗauka yadi ɗaya ne, tela talatin da biyu suna ɗinki."

"Shi ya sa hannun rigar ya fito ta wuya," in ji shi.

Sai ta nuna masa 'yan sandunan nan masu kala da ke yawo a shafin, kowanne da sunan malami a kansa. Malam ya gyara zama, ya yi musu sallama. Ba su amsa ba. Ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta mutum huɗu a sahun masu latti. Da zai shiga wanka, sai ya lulluɓe kwamfutar da tawul, wai kada a kwafi nasa.

Ranar Laraba ya tsinci sandan malamin lissafi yana rubutu, ya bi bayansa. Wancan ya ajiye kalma, wannan ya gyara. Sandan ya gudu shafi na tara, Malam ya bi shi. Ya ɓuya cikin jadawali, Malam ya zaƙulo shi. Can sai ga waya daga malamin lissafin: "Yallaɓai, don girman Allah ka bar ni in kai ƙarshen jimla."

Matar ta ga karyayyun kujeru na kiran mijinta. Ta hau keken ɗinki ta ɗinka masa safar hannu mai dunƙule yatsu wuri guda, ta ɗaure da igiya, ta ce kallo kawai zai yi. Ta je ta sauke tukunya ta dawo, ta tarar da shi a duƙe yana sa aya da hanci.

Juma'a ta zo. Aka haska takardar a bango, sufeto ya karanta shafi goma sha huɗu yana neman abin kamawa, bai samu ba. Ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Ya ce makaranta ashirin ya zaga, nan ne kaɗai bai ci karo da kuskure ko ɗaya ba. Shugaba ta ce ai aikin haɗin gwiwa ne, ta raka shi har mota.

Da ta dawo, ta buɗe wurin da ke nuna abin da kowa ya taɓa. Sunan Malam ya fito sau ɗari shida da goma sha biyu.

"Ajinka na nan," in ji ta, a gaban kowa. "Amma Malam, gyara ɗari shida, kai ko layi ɗaya naka ba ka rubuta ba. Ina haɗin gwiwar?"

Malam ya ture tabarau da ɗan yatsa, hancin har yanzu da ɗan ja.

"Ranki ya daɗe, ai shi ke nan haɗin gwiwar. Ku talatin da ɗaya kun kawo kurakurai, ni na kawo biro."