Inna da Sarauniya Katarin

Ranar da za a naɗa yayana Abdu mai gari, da sassafe Inna tana tankaɗe a tsakar gida, ni kuma ina zaune kan turmi. Tarihi nake koyarwa a kwalej a Madawa, kuma duk zuwana hutu sai ta sa na ba ta labarin sarakunan Faransa na da. Wace ta haifi wa, wa ya gaji wa, nan take jin daɗi. Mushe take kirana, wato malam da Faransanci, don tsiya.

Ran nan kan sarauniya Katarin muke, wadda 'ya'yanta uku suka hau gadon sarauta ɗaya bayan ɗaya.

"Kamata ke nan," in ji Inna. "Sai dai ni nawa na ukkun alli shika ci."

Ni take nufi, ni ne ɗanta na uku. Na ce mata Katarin ta binne biyu. Na ukun kuma wuƙa aka soka masa, watanni kaɗan bayan rasuwarta. Inna ta dakata da rariya.

"Ashe Allah ya so ta, da ta riga shi."

Mu ma muna da tamu rigimar. Tun rasuwar Baba, gidan Baffa Nomau, ɗan wan kakanmu, suke cewa riƙon sarautar aka ba kakanmu, ba gado ba. Dattawa suka zaɓi Abdu. Muka ɗauka magana ta mutu.

Da hantsi makaɗa suka fara. Abdu yana zaure, an soma kewaya masa rawani. Sai kiɗa ya yanke. Na ji gudu, na ji ƙarar sanda kan ƙyaure.

"Ku hito! Ku hito!"

Na san muryar. Tare muka yi kiwon awaki da mai ita. Mutanen gidan Baffa Nomau ne, suna da gatura da takubba. Wani ya cinna wa rumbunanmu wuta, gero ya shiga fashewa.

Illa, mai bin Abdu, ya shigo da jini a riga. Ya tura ƙofa, ya tokare ta da kafaɗa.

"Ɗauki Inna! Ku bi kwari!"

Na goya ta. Na keta darni ta baya. Tana dukan bayana tana kiran sunan Abdu, ni kuwa ban waiwaya ba.

Muka bi kwarin cikin yashi da duwatsu. Azahar ta yi, ba mu ji kiran salla daga garinmu ba. Takalmina ya tsinke, na bar shi. Da la'asar na sauke ta gindin wata adduwa. Daga nan ana hango hayaƙi. Ta zauna tana kallonsa, har yanzu da gari a hannuwanta. Wani mai amalanke ya tausaya ya ɗauke mu. Magariba ta riske mu a Babankatami, gidan Kawu, ƙanenta.

Washegari da hantsi wata maƙwabciyarmu ta iso da labari. Abdu a zaure ya cika, rawanin bai gama naɗuwa ba. Illa bayan ƙofar nan aka same shi. Bai matsa daga wurin ba.

Jandarmomi suka raka ni da Kawu muka binne su. Zuciyata ta karye a ranar, kuma ba ta koma daidai ba.

Inna ta daina tambayar labari. Sai wata safiya, ina shirin komawa Madawa, ta riƙe bakin rigata.

"Mushe, Katarin nan taka, da wata nawa ta riga na ukkun?"

Na ce kaɗan ne.

"Ni ba kaɗan nika so ba."

Ba ta ga girbin shekarar ba. An ba ta abin da ta roƙa, har da ƙari. Yau na girmi Abdu, na girmi Illa, ita ma na kusa kamo ta.