Tarin Tsohon Babur

Jama'a, a gyara zama, ga Dogo mai walda, sarkin titi, gwarzon da ya ci jarrabawar tuƙi a karo na uku! Ranar da lasisi ya fito, ya sayar da ƙaramin babur ɗin marigayi yayansa, ya sayo ƙato.

Ya manta idon Innarsu ya tafi, da kunne take gani. Shekara biyu, duk yamma in ta ji tarin tsohon babur ɗin a ƙofa, sai ta ce, "Ga 'ya'yana sun dawo." Yanzu Dogo kan shigo da rugugi, ko motsi ba ta yi.

Na ce masa, "Maigida, wannan babur sai manya!"

Ya ce, "In ka san mai saye, turo shi."