Sujadar da Baffa Sale Ya Cinye

Ba a murhun girki muke jin tatsuniya ba, a gindin tukunyar gumi ne. Kakata Iya Dije turara shanshera, wato shinkafar da ba a sussuka ɓawonta ba, take yi wa 'yan kasuwar Kura, to da an yi magariba sai mu yaran gida mu kewaye wutar, tururi na dukan fuskokinmu. Ni kullum ina gefe, don bayana ba ya son a taɓa shi.

Shatar tiyo ce. Da mahaifina ya rasu, ƙaninsa Baffa Sale ya haɗiye gonarmu ta bakin kanal ɗin ban-ruwa, ya kora mahaifiyata gidansu a Bunkure, ya sa ni korar tsuntsaye a shinkafar ubana. In jan-baki ya sauka, jikina ne ke biya. Iya na gani, amma ɗanta ne, kuma tana tsoron abin da bakin uwa ke yi. Sai ta zuba abin a tatsuniya.

“Ga ta nan tafe, ku matsa mata,” in ji ta. “Kai maigidana, saki ran nan, ba da kai aka yi ba.”

Wai Gafiya ce ta haƙa rami ta ƙarƙashin fangalin shinkafar Kurciya, tana janye mata ruwa zuwa nata. Shinkafar Kurciya ta bushe ƙurmus. Kurciya ba ta da ƙarfin faɗa, sai ta hau reshe, safe da yamma tana kai ƙarar Gafiya wurin Allah. Rannan ruwan satar ya ɓalle, ya cika ramin, ya ci Gafiya da rumbunta.

Nan nake tashi tsaye. “Iya, sake wurin! Ta sha wuya kafin ta mutu?”

“Ji mugu! Zauna, da saura.” Sai ta rage murya. “Ita Kurciya fa, bakinta ya riga ya saba. Gafiya ta mutu, ruwa ya dawo, amma ba ta iya wani kuka ba sai na ƙara. Ko godiya ta so yi, sunan Gafiya ne ke fitowa.”

Wa ya damu da wannan? Ni dai a nutsar da Gafiya.

Da wannan zuciyar na shiga jami'a a Kano, da taimakon kawuna. A masallacin ɗalibai an san ni da doguwar sujada. Abokin ɗakina Nura har cewa yake, “Ustaz, a riƙa sa mu a ciki mana.” Wayyo Nura! Da ya san abin da ke ciki. Ba neman gafara, ba roƙon cin jarrabawa, ko marigayi Babana ban cika tunawa ba. Allah ya isa ce zalla, da sunan Baffa Sale har da na gonar. In ɗago kaina ƙirji na zafi kamar na haɗiyi garwashi. Wallahi ban san daɗin salla ba.

Ina aji uku, Iya ta daɗe da rasuwa, aka aiko cewa ɓarin jikin Baffa ya shanye, yana nemana. A motar Kura ne ragowar tatsuniyar ta faɗo mini, wadda na ƙi saurara. Ashe rabin farko na ɗanta ne, rabin ƙarshe nawa. Tsohuwar nan ta hango ni tun ina gindin tukunya.

Na same shi a tabarma, yawu na zuba. Ya ce, “Habu, ka yafe mini.”

Na dube shi sosai, kuma ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a raina. Na ce, “Baffa, gonar tana hannun wa?” Ya kawar da kai. Na ce, “To ban yafe ba. Akwai ranar da za a tsayar da mu.”

Har yau ban yafe ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Amma ƙarata ta isa inda na aika ta tun tuni, ba a mantuwa a can. Da la'asar ɗin ranar na sa goshi a ƙasa, sunansa ya taso har bakina, na danne shi. Ya ci gona, ya ci yarintata, ba zan ƙara masa da sallata ba. Na shiga laluben abin da ake faɗa, kamar sabon shiga. Can na ce, “Allah ka ji ƙan Babana.”