Idon Biri a Shingen Mango

Ban taɓa mantawa da ranar da kwalba ɗaya tak ta kusa aika ni lahira ba. Ku sababbin malamai da kuke gunaguni don na hana ku fita da kayan labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, a jaka, ku zauna ku ji dalili.

Lokacin ina koyar da kimiyyar halittu a wata lise, wato makarantar sakandare, a Dapaong, shekarun da ƙasa ta rikice da zanga-zangar neman dimokuraɗiyya. Yau yajin aiki, gobe a buɗe makaranta, jibi a rufe. Da aka yi wata doguwar rufewa sai na koma gida, Zangon Sokodé. Zaman banza ya ishe ni, na ce bari in haɗa kayan darasin da na fi so, wato yadda ido ya yi ta sauyawa a jikin halittu. Tana, tsutsar nan ta cikin ƙasa, ba ta da ido, fatarta ce ke bambance haske da duhu. Na dodon koɗi ɗan ɗigo ne a kan tsinke. Na fara kuwa ƙananan idanu ne birjik a manne wuri guda. Haka ake ta hawa har a iso namu.

Kawu Alasan, ƙanin mahaifiyata, mahauci ne. Ya ba ni idon saniya da na akuya, kowanne da ɗan yankin fata mai gashi. Na ce a share mini, ya ce, "Mu nan ba ma fitar da ido tsirara, Isifu. Duk wanda ya gani ya san na dabba ne." Na biri kuwa wani maharbi ne ya kawo mini, fes, ba fata. Shi na fi murna da shi. Na sa kowanne a kwalbarsa da formol, ruwan da ke hana nama ruɓewa.

Da aka ce a koma aiki na hau mota. A kwanakin nan mutane na ɓacewa, kuma ana ta raɗe-raɗin wai ana ƙwaƙule idanunsu don tsafi. Bayan garin Mango muka tarar da shingen jandarma, ga samarin gari da sanduna a gefe. Aka sauke mu, aka ce kowa ya buɗe kayansa.

Ina zuge jakata wata mata ta ƙwalla ihu: "Innalillahi! Idon mutum!"

Kafin in buɗe baki samarin sun kewaye ni. Dattijon da muka raba goro da shi a hanya ya ja da baya kamar bai taɓa ganina ba. Wallahi na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Shugaban jandarman, wani dogo mai furfura, ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Kayan koyarwa ne, Shef. Ga na akuya, dubi gashinta, dubi baƙin idon a kwance. Wannan na saniya ne."

Ya gyaɗa kai. Sai ya ɗaga kwalba ta uku. "Wannan fa? Ina gashinsa?"

"Na biri ne, Shef."

"Kamar na mutum yake."

To me zan ce? Don kamar da yake yi da na mutum na ɗauko shi! Shekara da shekaru abin da nake koya wa ɗalibai ke nan. Wani saurayi ya ce, "Ku ba mu shi kawai." 

Can Allah ya tuna mini abu guda. Na ce, "Shef, dubi idon direba."

Direba ya ce, "Ni wallahi ban san shi ba!"

Na ce, "Nasa fari ne gefe da gefe. Na biri ruwan ƙasa ne har kusurwa. Mutum ne aka bai wa fari sosai, don ɗan'uwansa ya gane inda yake kallo."

Shef ya ɗaga kwalbar a rana ya ce, "Na tsohuwata ma ya yi duhu."

Na ce a raina shi ke nan, tawa ta ƙare. Amma da na dube shi sai na ga ba kwalbar yake kallo ba. Kansa bai motsa ba, idon ne ya bi samarin ɗaya bayan ɗaya, ya dawo kaina, ya zarce ƙofar mota. Ya sake yi. Na gane, da ido yake nuna mini in shige mota.

Sai ya daka tsawa: "Na biri ne! Ubana maharbi ne, ku za ku koya mini?" Ya rotsa kwalaben duka a kan kwalta. Warin formol ya tashi, samarin suka ja baya suna tari suna murza ido. Ya sharara mini mari, ya ce, "Malamin banza, ɓace mini da gani!" Marin bai gama zafi ba ina cikin mota.

Na isa Dapaong hannu wofi, kunci a kumbure. Ranar darasi na zana tana da dodon koɗi da fara a allo. Da muka zo kan mutum na ajiye alli, na ce kowa ya juya ya dubi idon maƙwabcinsa.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, kayan da muke gani ilimi a cikin labo, a bakin hanya abin tsoro ne, musamman in gari ya ruɗe. Don haka in za ku nemo ido, ku bar shi da fatarsa. Shi kuwa Shef, har yau ban san ko ubansa ya taɓa riƙe baka ba. Ban san sunansa ba ma, amma kullum yana cikin addu'ata.