Ɗaurin Damina

Na koyar da lissafi a firamare har na yi ritaya, kuma na sha faɗa wa yara cewa huɗu daidai take da huɗu ko'ina aka je. Sai a kotun yankinmu na gane ashe da sauran karatu a gabana.

Maƙwabcina mutum ne mai jaki ɗaya da mata da yara ƙanana. Ba shi da gonar gado. Wadda yake nomawa ta aro ce, ta wani Alhaji mazaunin Bici. A wajenmu ƙasa ta yi kaɗan, shuka har gindin katanga, kuma kowa ya san ƙa'idar aro: ka bar ciyawa ta ci gona damina ɗaya, mai ita ya ba wani. Shekara da shekaru, duk rani, yana jigilar taki a mangala, har jigawar nan ta yi baƙi wuluk.

Gonar da ke gefensa ta gandu ce, ta wasu 'yan'uwa maza masu yawa. Da ruwan shuka ya sauka, autansu ya zo da garmar shanu ya tuge gambar da ta raba gonakin biyu. Cacar baki ta kai ga ƙotar fartanya. Autan ya fashe a goshi, maƙwabcina ya karye a yatsa. Kafin mai unguwa ya sa baki, magana ta kai ga 'yan sanda.

Na bi su kotu. Alƙalin mutum ne mai natsuwa, ban ga alamar an ba shi komai ba, kuma wannan ne ya fi damuna har yau. Ya ce laifi ɗaya, hukunci ɗaya: kowannensu wata huɗu a gidan yari, ba zaɓin tara.

Maƙwabcina ya ɗaga hannunsa mai ɗauri.

"Allah ya gafarta Malam, ban ƙi ɗaurin ba. A dai bar ni in yi noma. In an yi girbi, wallahi da ƙafata zan kawo kaina. Ko wata shida ne, in dai da rani ne, na yarda."

Kotu ta ɓarke da dariya. Wani daga baya ya ce, "Baba, ci-rani za ka je gidan yarin ke nan?"

Alƙali bai yi dariya ba. Ya ce, "Bawan Allah, in na ɗaga maka, shi abokin faɗan naka in ce masa me? Doka ba ta da damina, ba ta da rani."

Na miƙe na fara bayani cewa ɗayan yana da yayye da za su riƙe masa gona, wannan kuwa daga shi sai jakinsa.

"Malam, lauya ne kai?"

"A'a, malamin makaranta ne."

"To zauna."

Na zauna, yadda ni ma na sha zaunar da yara.

Mun kira gayya mun yi masa shuka. Amma lokacin noman farko kowa ta tasa gonar yake, ni kuma gwiwa ta daɗe da yin ritaya kafin ni. Ciyawa ta rufe geron. Alhaji ya zo ya gani, bai yi faɗa ba. Ya nemi masu hannu da yawa da zai ba aron gonar, mafi kusa kuwa su ne 'yan gandun. Suka karɓa, suka nome, suka tuge sauran gambar. Rigimar iyaka ta ƙare, tunda babu sauran iyaka.

Rana ɗaya aka sako su, a mota ɗaya suka dawo. Autan ya tarar da rumbu cike. Maƙwabcina ya wuce ta bakin tsohuwar gonarsa ana ɗaurin damma, ya tsaya ya ɗauki zangarniya ɗaya ya jinjina nauyinta.

"Malam, ka ga takin nan ya yi kyau," ya ce da ni. Ya mayar da ita inda ya ɗauka.

Kafin wata damina ya sayar da jakin ya kwashe iyalinsa zuwa birni. An ce yana tura kurar ruwa. Gidansa ya rushe, kuma bana dawa aka shuka a wurin.